Ranar da Aka Hana Madawaki Tuta

A shekara ta tara da naɗin Sarki Jatau, lokacin da shamuwa ta dawo, manoma suka soma sharar gonaki, tsawa ta faɗa kan tsohon rimin da ke ƙofar fadar Birnin Sagarau ta tsaga shi gida biyu. Kwana uku mutanen gari ba su da zance sai na rimin nan. A rana ta huɗu da hantsi, wani mutum ya shigo ta Ƙofar Gabas a kan dokin da kumfa ta rufe wa ƙirji, ga guntun kibiya a kafaɗarsa.

Madawaki Nomau, shugaban mayaƙan ƙasar, shi ya fara tare shi. Ya san shi tun da jimawa. Cindo ne, maharbi daga Kiryawa, garin da ke bakin iyakar gabas.

"Ranka ya daɗe," in ji Cindo, yana haki, "Sarkin Gulmare Barau ya haye Gulbin Kaiwa da mutum dubu uku. Yau kwana biyar ya zagaye mu. Hatsin da ke rumbunanmu ba zai kai kwana goma ba."

Da a zamanin da ne, da kafin azahar an buga tambari. Amma sarautar Sagarau ta canja. Mahaifin Jatau, Sarki Gaude, azzalumi ne da ya riƙa kama 'ya'yan talakawa yana sayarwa, yana ƙwace gonakin marayu. Babban Liman Malam Mu'allayidi ya tsaya yana yi masa wa'azi ba tsoro, har jama'a suka tashi suka tuɓe shi. Ranar da aka naɗa Jatau, aka yi alkawari a gaban masallaci cewa abu uku za su koma hannun Liman, don kada zalunci ya sake dawowa: hatimin sarauta, tutar yaƙi, da makullin ɗakin makamai. Nomau na cikin waɗanda suka rantse a ranar, da zuciya ɗaya kuwa. Shi da hannunsa ya ɗauki tutar daga fada ya kai ta masallaci.

Shekarun farko an ji daɗi. Daga baya sai abin ya fara nauyi. Liman ke naɗa hakimai, shi ke tuɓe su, shi ke faɗin wanda zai yi magana a majalisa. Sarki ya zama kamar hoton bango, yana zaune a gadonsa ana yanke hukunci da sunansa ba a ko dube shi ba.

Aka kira majalisa kafin rana ta take. Sarki na bisa karaga, Liman na dama da shi a kan buzu, amma duk idon hakimai na wajen buzun. Cindo ya durƙusa ya maimaita saƙonsa. Da ya gama, Nomau ya gurfana.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Allah ya gafarta Malam. Kiryawa ƙofarmu ce ta gabas. In ta faɗi, babu abin da zai tsaya tsakanin Barau da ganuwar nan sai gonaki. Ina roƙon a ba ni tuta, a buɗe ɗakin makamai. Da mutum dubu biyu, in Allah ya so, ba zai sake ganin Gulmare ba."

Liman ya gyara zama. Dattijo ne siriri, mai taushin murya, wanda bai taɓa tara dukiya ba, kuma wannan ne ya sa ba a iya musu da shi.

"Madawaki," ya ce, "su waye mutanen Kiryawa?"

"Talakawan Sarki ne."

"Rabinsu Maguzawa ne. Shekara tara ina aika musu masu wa'azi, shekara tara suna yanka wa tsamiyarsu baƙin bunsuru. Musulmin da ke cikinsu suna gani ba sa hanawa. Kun ga abin da ya sami rimin ƙofar fada. Ruwa ba ya tsami banza. Gargaɗi ne a kan abin da muka yi shiru a kai. Tutar nan da sunan Allah a jikinta, ba za a ɗaga ta don a tsare wurin tsafi ba. Su sare tsamiyar, su aiko mini da reshenta shaida. A ranar zan ba ka tuta da hannuna."

Nomau ya ɗaga kai ya dubi Liman. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tsamiyar nan a bayan ganuwa take. A gindinta Barau ya ɗaure dokinsa. Wa zai fito ya sare ta?"

"Da sun sare ta tun bara, da yau ba mu yi wannan zancen ba."

"To, bari in faɗi abin da na sani, tunda ni ba malami ba ne. A yaƙin Dutsen Gamji, da dawakinmu suka karye, maharban Kiryawa ne suka tsaya muka samu muka fita. Arba'in suka mutu a cikinsu. Ranar nan ba wanda ya tambaye su abin da suke yanka wa tsamiya. Shekarar fari, gerensu aka raba a ƙofar masallacin nan, aka ci, aka yi hamdala. Yau da wuƙa ta kai wuyansu ne muka tuna ba su yi salla ba?"

Galadima ya sunkuyar da kai, Ciroma ya shiga gyaran bakin rigarsa. Sai aka ji gyaran murya daga gefen hagu. Alƙali Ɗalha ne, babban alƙalin ƙasar, wanda suka yi karatu da Liman a zaure ɗaya tun suna samari.

"Malam," in ji shi, "littafin da ka karanta shi na karanta, a gaban malami ɗaya. Abin da muka koya shi ne, wanda ya shiga amanar Musulmi, tsare jininsa da dukiyarsa ya zama wajibi a kanmu, ko me yake bauta wa. Mutanen Kiryawa da amana suke zaune, an rubuta, takardar na cikin akwatina. In akwai shafin da ya ce a bar su ga maƙiyi, nuna mini in koya. Batun tsawa kuwa, itacen da ya fi tsawo take faɗa wa. Kai ka hana mu camfi a kan mumbari."

Fuskar Liman ta canja. Shekara tara ba a taɓa ce masa ya kawo hujja ba.

"Ɗalha, kana tuhumar jagoran jama'a a gaban jama'a?"

"Ina tambayar ɗan'uwana ne."

"Wanda ya raba kan jama'a lokacin yaƙi bai cancanci ya yi musu shari'a ba. Dogarai, ku cire masa rawani."

Dogarai biyu suka dubi Sarki. Nomau ma ya dube shi, yana roƙon Allah ya sa ya buɗe baki ko sau ɗaya. Sarki Jatau ya kafa wa tabarma ido, bai motsa ba. Sai dogaran suka matsa suka warware rawanin tsohon, suka bar shi da hula, furfura a waje.

Nomau ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban Sarki.

"Ni na kawo maka tutar nan, Malam. Na kawo ta ne don a daina sayar da talakawa. Ban san ranar za ta zo da za a bayar da gari guda kyauta ba. Riƙe tutarka, riƙe makullinka. Ni zan fita da wanda ya yarda ya bi ni."

"In ka fita ba da izini ba, kai ɗan tawaye ne," in ji Liman. "Kowa ya ji ya gaya wa ɗan'uwansa: wanda ya mutu a bayan Nomau ba shahidi ba ne, kuma babu limamin da zai yi masa salla a ƙasar nan."

Wannan magana ta fi kibiya zafi, domin mayaƙi ba ya tsoron mutuwa kamar yadda yake tsoron a binne shi kamar jaki. Amma tsohon alƙalin ya dafa ƙasa ya tashi a hankali.

"Ni zan yi musu," ya ce. "An cire mini rawani, ba a karya mini alwala ba. Madawaki, a samo mini doki mai sanyin hali, na daɗe ban hau ba."

Cikin mutum dubu biyu, ɗari huɗu da 'yan kai ne suka fito. Sauran wasu sun ji tsoron maganar Liman, wasu iyayensu mata suka riƙe musu linzami suna kuka. Ɗakin makamai na rufe, saboda haka kowa ya zo da abin da ke gidansa. Maƙeran Unguwar Maƙera suka kwaso masun da suka ƙera don kasuwa suka zube a Ƙofar Gabas. Aka fita ba tambari, ba kakaki, ba tuta, kamar masu rakiyar gawa. Abin da ke cin Nomau duk tsawon hanya ba yawan mutanen Barau ba ne, hoton tsohon nan ne a tsaye ba rawani, da Sarkin da ya kasa ɗaga kai.

Kwana biyu suna tafiya. A rana ta uku da sassafe suka ɓuya a kurmin da ke arewa da Kiryawa. Daga kan wani tudu Nomau ya ga sansanin Gulmare ya cika fili tsakanin ganuwa da gulbi. Ya lura da abu biyu. An yi ruwa a kan duwatsu, Gulbin Kaiwa ya kawo, mashigin da Barau ya haye da ƙafa yanzu ya kai wuyan doki. Kuma mayaƙan lifida, waɗanda su ne ƙarfin Barau, sun taru a gindin ganuwar yamma suna shirin fasa ƙofa.

Ya kira Cindo. "Akwai hanyar shiga?"

"Akwai magudanar ruwa ta bayan marina. Mutum ɗaya zai iya bi da rarrafe."

"Har yanzu mutanenku na kiwon zuma?"

Cindo ya dube shi, sai ya yi murmushin farko tun da ya iso Sagarau. "Amya ta fi ɗari biyu a cikin gari, ranka ya daɗe."

"Ka ce wa shugabanku, Sarkin Noma Arzika, ya toshe bakunan amyar ya hau da su kan ganuwa. In rana ta take, in ya ji ƙaho sau uku, ya jefo su kan 'yan lifida."

Da rana ta take, aka busa ƙaho. Amya ta riƙa saukowa daga kan ganuwa tana fashewa, ƙudan zuma ya tashi kamar hadari. Dokin lifida ba ya jin kibiya, amma zuma ta shiga ƙarƙashin lifidan, ta shiga hanci da kunne. Dawakai suka haukace, suka juya suka tattake dakarun da ke bayansu. A daidai lokacin Nomau ya fito daga kurmi da mutanensa, suka faɗa wa gefen sansanin. Maharban Kiryawa suka buɗe ƙofa suka fito da ihu.

Barau ba rago ba ne. Ya tara barade kamar ɗari uku a gindin tsamiya ya tsaya, nan aka yi gumurzun da ya fi tsanani. Mashi ya huda cinyar Nomau, aka kashe dokinsa, ya hau na wani. Sau biyu ana kora su baya, sau biyu suna dawowa. Da la'asar ta gabato, mutanen Gulmare suka karye suka nufi gulbi, gulbin kuwa bai san su ba. Waɗanda ruwa ya ci sun fi waɗanda takobi ya ci. Barau da ƙyar ya haye riƙe da wutsiyar doki, ya bar laimarsa da tamburansa.

Mutum sittin da bakwai Nomau ya rasa. Malam Ɗalha ya jera su ya yi musu salla, hawaye na bin gemunsa. Maguzawa suka tsaya daga nesa har aka gama, sannan suka je binne nasu. Sarkin Noma Arzika, tsoho mai tsagen fuska, ya zo ya faɗi a gaban Nomau.

"Mun ji abin da aka ce a kanmu a birni," ya ce. "Mun kuma ga wanda ya zo. Ba za mu manta da ko ɗaya ba."

Suka kwana biyu suna jinyar masu rauni, sannan suka kamo hanya. Nomau ya shirya wa ganin ƙofa a rufe. Ya ma tsara abin da zai faɗa wa Liman daga bayan ganuwa. Amma da suka kusato birni a rana ta bakwai da fitarsu, sai suka ji tambari, wanda rabon da a buga shi ba da izinin Liman ba shekara tara. Ƙofar Gabas a buɗe take wangale, jama'a na guɗa. Zuciyar Nomau ta yi sanyi, ya ce a ransa, ashe Sarki ya farka.

Sai ya ga hayaƙi daga wajen Unguwar Malamai.

Wani dattijo mai sayar da tawada ya kama linzamin Malam Ɗalha. Ya ce tun shekaranjiya da labarin nasara ya iso, gari ya juya wa Liman baya. Sarki ya ga dama ta samu, ya tara bayin fada, suka fasa ɗakin makamai, suka karɓe hatimi da tuta. Ba su tsaya nan ba. Suka bi makarantu gida gida suna kama malamai, wanda ya taɓa shiga fada da wanda bai san hanyarta ba. An tara littattafai a dandali an cinna musu wuta. Malamai goma sha ɗaya na ɗaure a turu. Liman ya shige masallacin Juma'a, tare da tsofaffi da matan malamai da 'ya'yansu, sun kulle ƙofa. Bayin fada sun zagaye masallacin, amma har yanzu ba wanda ya yarda ya fara taka shi da takobi.

Nomau ya iske Sarki Jatau a ƙofar fada, zaune a kan karaga a fili, wani bawa riƙe da tuta a bayansa. Yau kansa a ɗage yake, idonsa na ƙyalli.

"Sannu da zuwa, Madawaki, bangon gabas! Ka wanke mana kunya. Daga yau kai ne na biyu a ƙasar nan, ba mai zama tsakanina da kai." Ya nuna masallaci da sandarsa. "Saura aiki ɗaya. Bayin nan matsorata ne. Mutanenka kuwa Mu'allayidi ya riga ya fitar da su daga jama'a, ba abin da zai hana su shiga. Ku fasa ƙofar, ku kawo mini kansa kafin magariba."

Nomau ya sauka da ƙyar saboda raunin cinyarsa, ya gurfana.

"Allah ya ba ka nasara. Liman ya yi laifi, ni ne shaida. A fito da shi a gaban shari'a, a karɓe abin da aka ba shi riƙo. Ga Malam Ɗalha nan, a mayar masa da rawaninsa ya yi hukunci. Amma a saki malaman da ke turu, a kashe wutar nan. Akwai mata da yara a masallacin."

"Shari'a?" Sarki ya yi dariya. "Shekara tara ina zaune kamar gunki da sunan shari'a. Na ƙoshi. Daga yau babu mai rawanin malanta da zai sake buɗe baki a fadata. Shi ma Ɗalhan nan ku kama shi."

"Zaki, wannan ne ya tsaya wa gaskiya ranar da kowa ya yi shiru!"

"Shi ya sa. Wanda ya iya tsayawa a gaban Liman, gobe zai tsaya a gabana."

Nomau ya dubi Sarkin. Fuskar Gaude ya gani, ba ko tantama. Ya tuna mutum sittin da bakwai da ya baro a ƙasar Kiryawa.

"Ranar da aka cire wa tsohon nan rawani," ya ce, "kalma ɗaya muka nema daga bakinka, ba ka da ita. Yau da wasu suka zubar da jini ka samu murya, abin da ka fara faɗa da ita ke nan? Wallahi ban kai 'ya'yan mutane Kiryawa don wannan ba."

Ya miƙe, ya hau dokinsa, ya kama linzamin Malam Ɗalha ya ja shi tsakiyar mayaƙansa. Bayin da suka matso suka ja da baya. Ya ratsa dandali har ƙofar masallaci, ya juya dokinsa ya ba ƙofar baya, ya soke mashinsa a ƙasa. Mutanensa suka dubi juna. Sun gaji, da yawa na ɗaure da tsumma mai jini, gidajensu kuma ga su can ana hango su. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suka jeru a gefensa.

Daga bayan ƙofar aka ji muryar Liman, ta dushe. "Nomau ne? Ka zo ka kashe ni?"

"Da don kai kaɗai ne, Malam, da yanzu ina gida ana gasa mini ƙafa," in ji Nomau, bai waiwaya ba. "Ka ce wa matan nan su matsa daga jikin ƙofa."

Can ƙofar fada Sarki Jatau ya tashi tsaye ya ɗaga hannu, tambari ya yi shiru. Sanƙira ya fito tsakiyar dandali ya yi shela da ƙarfi cewa daga wannan sa'a Nomau ba Madawaki ba ne, ɗan tawaye ne, kuma duk wanda ya kawo kansa sarautar tasa ce. Bayin fada suka saukar da masu, suka fara matsowa sahu sahu. Daga nesa Nomau ya ji ƙarar Ƙofar Gabas ana tura ta, sannan ta Kudu, sannan ta Yamma, har aka rufe ta ƙarshe aka zura mata sakata.